Kanwar Gaji da Shanun Alƙali

An ce wai an yi wani alƙali a wani gari da ake kira Rafin Tsamiya, sunansa Mu'allayiɗi. Mutum ne mai ilmi, amma Allah bai yi shi da zama wuri ɗaya ba. In shari'a ta shige masa duhu, sai ya tashi daga buzu ya yi ta kai da kawowa a zaure, hannu a baya, har masu ƙara su gaji da juya wuya. Mutanen gari kan yi masa ba'a a ɓoye, wai takalminsa ya fi shi wahala a kan shari'a.

Wata shekara, damina ta ɗauke ke nan, mutuwa ta faɗa wa shanun Fulanin da ke kewaye da garin. Saniya ta fara zawo, ta rame, maƙogwaro ya kumbura, a wayi gari ta kwanta. Hankalin kowa ya tashi. Da makiyaya suka duba, sai suka ga garken da ya ci kanwar wani falke Bamange mai suna Gaji shi ne ke mutuwa, wanda bai ci ba kuwa lafiya lau. Arɗo Hammadi, shugaban makiyayan, ya taso ƙeyar Gaji har gaban alƙali.

Arɗo ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ruwa ba ya tsami banza. A zubar da kanwar mutumin nan, a kore shi, a aika kasuwanni a faɗi abin da ya yi mana."

Gaji ya durƙusa yana roƙo, don ya san falken da aka kora da sunan mai guba ya gama fatauci har abada. Ya ce, "Malam, kanwar nan ita nake jiƙa wa jakunana. In ta kashe ko ɗaya, a yanka ni."

Alƙali ya tura malamai biyu na majalisarsa, Malam Barau da Malam Jibo, su bi ruga ruga su ji yadda abin ya faru. Da suka dawo, kowa ya share ƙasa a gaban alƙali ya jera tsakuwoyi, wannan kanwa, wannan rama, wannan mutuwa, ya ja kibiya daga abin da ya ɗauka sanadi zuwa abin da ya haifar.

Malam Barau ya ja tasa daga kanwa zuwa rama, daga rama zuwa mutuwa, ya ce magana ta ƙare. Malam Jibo ya yi tsaki ya juya kibiyar. Ya ce, "Bafillace ba ya gaggawar sayen kanwa sai ya ga shanunsa sun fara rama. Rama ce ta kira kanwa, rama ce kuma ta kira mutuwa. Kanwa baƙuwa ce da ta tarar da gawa a gida."

Alƙali ya yi ta jefa musu labarin rugage ɗaya bayan ɗaya, kowane labari kuwa ya zauna daram a zanen Barau, ya kuma zauna daram a zanen Jibo. Malaman suka ɗau zafi, kowa na nuna ƙasa da yatsa, rawani na kwancewa. Alƙali ya miƙe ya shiga zagayensa, ransa a dagule.

Can ya tsaya ya ce, "Zane biyu sun ƙaryata juna, kowanne kuma ya dace da duk abin da ido ya gani. Ashe abin da ido ya gani bai isa ya raba su ba. Arɗo, yaya kuke ba shanu kanwa?"

Arɗo ya yi dariyar takaici. "A bakin ruwa mana, Malam. Kanwa na kawo ƙishirwa, ba a ba saniya ita nesa da ruwa, haka muka gada. Gaji a Tafkin Gawo yake sauke kayansa, can muke kora shanu su lasa su sha."

"Waɗanda ba su saya ba fa?"

"Me zai kai su? Suna rijiyoyinsu."

Alƙali ya dubi zanen nan biyu, babu tafki a ko ɗaya. Ya ce, "To, ba a taɓa ganin kanwar nan ba tare da tafkin nan ba. Abokai biyu da ba sa rabuwa, in an yi ɓarna, ba a gane mai laifi sai an kwanar da su ɗaki dabam dabam. A raba garke biyu. Rabi su ci kanwar Gaji su sha a rijiya, rabi su sha a tafki kada su ga kanwa."

Malam Barau ya ce tun kakanni ake shan tafkin nan, wannan ɓata lokaci ne. Arɗo kuwa ya rantse ba zai ba da ko maraƙi ba. Sai alƙali ya ce a kawo nasa, 'yan shanun da ya gada daga mahaifiyarsa, waɗanda ke kiwo a hannun mutanen Arɗo.

Da aka kawo su, Arɗo ya shiga tsakaninsu zai raba. Alƙali ya riƙe masa sanda ya hana shi. Ya ce, "A'a. Idonka ya san wadda ta rame, zuciyarka kuma ta riga ta yanke hukunci. Nawa idon ma ban yarda da shi ba." Ya sa aka kakkarya tsinke, dogo da gajere, aka ja wa kowace saniya ƙuri'a. Sannan ya juya ga malamai ya ce, "Bayanin abin da ya wuce, kowa gwani ne. Kowa ya tambayi zanensa abin da zai faru, ya faɗa yanzu a gaban jama'a."

Barau ya ce masu cin kanwa za su mutu ko ruwan zamzam suka sha. Jibo ya ce babu wadda za ta mutu, tunda ba ramammu aka zaɓa ba.

Aka shiga jira, jiran da bai yi wa kowa daɗi ba. Gaji ya zauna gadin buhunansa, ba mai saye, ba mai amsa masa sallama. Alƙali kuwa kullum yana hanya, daga rijiya zuwa tafki, daga tafki zuwa rijiya, yana leƙa maƙogwaron shanu, har ya fi shanun ramewa. Wata ya tsaya ya ɓace, wani ya tsaya.

Sai shanun rijiya suka yi ɓulɓul, gashinsu na sheƙi. Na tafki, waɗanda ba su ko sunsuni kanwa ba, suka fara zawo, suka yi ta kwantawa. Da aka bi bakin tafkin, aka tarar ambaliyar bana ta toshe mafitarsa da yashi, ruwan ya kwanta ya ruɓe.

Aka koma zaure. Arɗo Hammadi ya sunkuyar da kai ya nemi gafarar Gaji. Alƙali ya wanke falken a gaban kowa, ya sa a yi shela a hana shanu tafkin. Gaji ya fashe da kuka, ya ce zai sayar da jakunansa ya maye wa alƙali abin da ya rasa.

Alƙali ya ce, "Riƙe jakunanka. Ba kai ka kashe su ba, abin da muka taru muka gano ke nan."

Ya sa malaman su sake jera tsakuwoyinsu. Suka jera, ba mai ɗaga ido. Alƙali ya tsinci wata 'yar tsakuwa ya ajiye a tsakiya, ya ja kibiya daga ita zuwa mutuwa. Ya ce, "Ga tafki. Ku dube ta da kyau, don da shanun uwata na saye ta."

Shi ya sa masu hikima ke cewa, ganin abu biyu tare ba shaida ba ne cewa ɗaya ya haifi ɗaya. Ka raba su kafin ka yanke hukunci, ko da rabon daga garkenka zai ci.