Rigar da Ba a Ƙona Ba

A ƙauyen Lhota, kusa da Kutná Hora, birnin mahaƙan azurfa, an yi wata mata mai suna Zdislava, matar Ctibor mai keken shanu. Tana da kirki, amma son a gani ya yi mata katutu. In maƙwabciya ta ɗaura sabon ɗankwali, ranar Zdislava ba ta jin daɗin abinci.

Shekarar da annoba ta yi ta ɗibar mahaƙan azurfa, Ctibor aka ɗora wa kwashe tufafin mamata zuwa bakin rafi a ƙona, don dokar gari ke nan. Da kaka ta yi, mutuwa ta lafa. Mai gari ya ce a yi bikin cocin ƙauye, nan take wuri ya kaure da guɗa! Ƙararrawa na kaɗawa, ana fige agwagi, ana gasa gurasa mai zuma, har tsofaffi na gwada taka rawa.

Ana cikin haka Ctibor ya biyo gida shan ruwa da lodin ƙarshe. Zdislava ta leƙa keken, ta hango rigar sanyi ta gashin dila, ja wur, ta matar wani attajiri.

"Maigida, har wannan wuta za ta ci? Haba, ai alhaki ne!"

"Ajiye ta, Zdislava. A cikinta mai ita ta cika."

"To, rigar ce ta kashe ta? Kai dai tsoro kamar farar kura!"

Ya ƙwace ya mayar. Yana ba da baya ta zare ta, ta cusa bayan murhu.

Ranar biki ta fito sanye da ita tana taku ɗai-ɗai. Mata suka yanyame ta. "Iye! Zdislava, yaushe kika auri sarki ba mu ji ba?" Ctibor ya gane rigar, amma ya kasa tona wa matarsa asiri a bainar jama'a. Ita kuwa ta yi rawa har ƙafa ta gaji, ƙumar cikin gashin rigar, mai yaɗa annoba, na cizonta a wuya, tana sosawa tana dariya.

Da la'asar sanyi ya sauko. 'Yarta Anežka, mai shekara biyar, ta ja ta. "Mama, ina jin ɗari." Zdislava ta cire rigar ta lulluɓe ta, yarinya ta yi barcinta a ciki.

Kwana uku, zazzaɓi ya kwantar da su duka biyu, da kumburi a hammata kamar ƙwan kaza. Zdislava ta tashi. Anežka ba ta tashi ba.

Wannan karon a ƙofar gidansa Ctibor ya tsayar da keken. Ya ɗora jar rigar, ya ɗora 'yar rigar Anežka a kanta. Zdislava ta bi shi har bakin rafi, ƙafa ba takalmi.

Mai karatu, dokar da aka kafa don tsare rai ba a karya ta don ado. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma sau da yawa ba mai kwaɗayin wahalar ke fara ci ba, wanda ya fi so take ɗauka.