Furar da Ta Hana Gida Sayuwa

An ce wai a zamanin da tafiya Makka ke cin shekara, an yi wata dattijuwa a garin Rafin Zuma, ana kiranta Gwaggo Tasalla. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure nesa, ya rage daga ita sai gida. Gida ne na ƙasa mai soro biyu, da rijiya, da dabino guda wanda inuwarsa ke zagaya tsakar gida a hankali, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Bayan azahar takan zauna a gindinsa, tattabaru na kuka a kan katanga, ta lumshe ido, sai ta ga wani ruwa mai faɗi da ba ta taɓa gani ba, wanda alhazai suka ce sai an haye shi ake isa Ɗakin Allah.

Ba ta da guzuri sai gidan nan. Madugu kuwa ya riga ya ce ayari zai tashi da an gama yankan dawa, ita ma ta san ƙafafunta ba za su jira wani ayarin ba. Sai ta damƙa gidan a hannun wani dillali mai suna Cindo.

Daga saukar ruwan farko zuwa fitar kan dawa, mutum tara Cindo ya kawo. Kowanne ya shiga ya daɗe, ya fito yana sa albarka, ya ce sai ya yi shawara. Ba wanda ya dawo. Da Gwaggo ta ga dawa ta fara ja, sai ta yafa mayafi ta kai ƙarar dillalin wurin Alƙali Mu'azu, wani malami mai yawan shiru.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, 'yan kallo mutumin nan yake kwaso mini. Ina jin so yake ayari ya tafi ya bar ni, ya saye gidan a banza."

Cindo ya dafa ƙirji. "Ni? Ni da na sayar da kango mai jemagu cikin kwana uku! Gwaggo, ki dai faɗi gaskiya, ko akwai mutanen ɓoye a rijiyar nan?"

"A bakinka suke, mai yatsa shida."

Alƙali ya ɗaga hannu. Ya tambaya ko soro na yoyo, aka ce a'a. Ko maƙwabta masu fitina ne, ko akwai rigimar gado, ko jaki ba ya shiga lungun da kaya, duk aka ce a'a. Ya ce, "To, ko kuɗin ne ya yi yawa?"

Cindo ya ce, "Ai abin mamakin ke nan, Malam. Ko tayi ba wanda ya taɓa yi."

Alƙali ya ce, "Gani ya kori ji. Gobe da hantsi zan zo, ku ɗauke ni kamar mai saye."

Da ya zo, tun daga zaure ƙamshin turaren wuta ya tarbe shi. Bango ya sha yaɓe, ko tsaga ɗaya babu. Kafin ya buɗe baki Gwaggo ta shimfiɗa sabuwar tabarma a gindin dabino, ta dire masa ƙwaryar fura da nono, an zuba zuma, ludayi na yawo a kai. Yana sha tana ba shi labari: nan maigida yake alwala, nan aka binne mabiyiyar 'yarta ta fari, wancan soron da hannunsa ya ɗora azararsa. Iska ta kaɗa, inuwa ta matsa, Alƙali ya ji kamar a tsakar gidan mahaifiyarsa yake. Ya zo da niyyar cewa zauren ya yi ƙunci, ya nemi maganar a bakinsa ya rasa. Abin da ya fito shi ne, "Kai, Allah ya sa albarka."

Sai ya ji abin da ya faɗa, ya ajiye ludayi, ya yi dariya.

Ya ce, "Gwaggo, dillalinki ba shi da laifi, gidanki ma haka. Mai saye da kushe yake fara ciniki: ya ce bango ya tsage, ya taya da araha, a ce masa albarka, ya ƙara. Ke kuwa duk wanda ya shigo mai saye, sai ki mai da shi baƙo. Wane ɗan halal ne zai sha furarki, ya ji inda mijinki ke alwala, sannan ya dubi idonki ya ce gidan ya tsufa? Kunya ce ta kore su, ba aibi ba. Ga hukuncina: ki kife ƙwaryar nan, ki daina yaɓe, ki bar ko tsaga ɗaya mai saye ya samu abin kamawa. Ran da za a zo, ki koma maƙwabta. Kome kika ji, kada ki tanka."

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "A zagi gidan mijina ina ji?"

"Yabo kike so, ko Makka?"

Ta ɗauki ƙwaryar ta kife. Da ruwan ƙarshe ya tsaga bangon rijiya, ta dube shi ta ɗauke kai.

Ranar Laraba Cindo ya dawo da Jatau marini, ɗaya daga cikin taran nan. Gwaggo na bayan katanga, ta ji Jatau yana buga bango da sanda. "Wannan ai kango ne! Dubi tsaga. Dabinon ma sai tara tsuntsaye." Ta cusa bakin mayafi a baki, hawaye na zuba. Jatau ya taya, Cindo ya ce albarka. Ya ƙara, albarka. Suka yi ta yi har inuwar dabino ta taɓa rijiya, sannan ta ji an ce, "An sallama."

Sai ta shigo da ƙwaryarta, idanu jajur, ta dire a gaban Jatau. "Sha, mai kango."

Jatau ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, wallahi tun ran farko gidan nan ya shiga raina. Wata uku ina zagaya lungun nan, na rasa bakin da zan taya."

An ce da ayari ya tashi, sau ɗaya ta waiwaya, ta hango kan dabinon yana kaɗawa bisa katangu, sannan ta fuskanci gabas.

Shi ya sa masu hikima ke cewa: mai yabon kayanka baƙo ne, ba shi ruwa ya wuce, mai kushe su kuwa, matsa masa tabarma, shi ne mai saye.