Kunun da Rema Ya Zuba a Ƙwarya

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Kawu.

An yi wani Rema da matarsa Tasalla, suna zaune a gari bisa wani dutse mai zazzaɓi. Haka kawai sai ya kama makyarkyata, ɗakuna su zube. Shi ya sa kowane gida ake ajiye ƙwarya cike da ruwa a bakin ƙofa. Tun kafin ƙafa ta ji motsi, ruwa ya ji. Da ya fara rawa, sai kowa ya ruga fili, ko takalmi ba a tsayawa ɗauka.

To Rema akwai son barcin rana, kamar Barira da ke gyangyaɗi can.

Ya kwanta, Tasalla ta ce, "Maigida, tashi, ruwa na rawa." Suka ruga. Ko ludayi bai faɗi ba.

Wata rana kuma, "Maigida, tashi, ruwa na rawa." Suka ruga. Kaza ma ba ta daina tono ba.

Rema ya ce a ransa, "Ruwan nan ya raina ni." Ya faki ido ya zubar, ya cika ƙwaryar da kunu mai kauri, ya ɗan yayyafa ruwa a sama. Kunu ya sandare.

Ran da babbar makyarkyatar ta zo, maƙwabta na gudu suna kira. Tasalla ta leƙa daga madafa, ta ce, "Namu bai motsa ba, bari in sauke miya."

Sai ji kake ƙararas! Dutse ya tsage biyu, daidai tsakar gidansu. Ɗaki da Rema nan, madafa da Tasalla can, a tsakani rami ba a ganin ƙarshensa.

Kullum da hantsi sai ya hau kan dutse. Yana hango hayaƙinta, iska na kawo masa ƙamshin daddawarta.

"Tasalla, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, maigida. Ka samu barcin?"

"Ba ya zuwa. Ko sau ɗaya, ce mini in tashi."

Ta juya tana share ido da gefen zane.

Shi ya sa har yau za ku ga rema tsugune bisa dutse, ya ƙura ido can nesa. Abin da aka ajiye don ya tashe ku, kada ku rufe masa baki.

Ƙurunƙus kan rema. Barira, tashi, ruwa na rawa.