Bashin Waya da Shanun Huɗa

Akwai wani mutum manomi, dattijo ne a ikilisiyarsu, yana da gonar dawa da shanun huɗa biyu, fari da baƙi. Ba mai arziki ba ne, amma asirinsa a rufe yake, kuma duk garin ba wanda zai ce yana bin sa ko sisi.

Shekara tara da suka wuce, manoman garin suka kafa ƙungiyar sayen taki, suka naɗa shi magatakarda. Aka buɗe wa ƙungiyar layin waya irin wanda ake biya ƙarshen wata, kuma da yake katin shaidarsa ne a kusa, da sunansa aka rubuta. Ƙungiya dai irin tamu, damina biyu ta yi ta watse. Mutumin ya tafi birni, ya biya kuɗin kiran da aka yi, ya ce a rufe layin. Bayan wata shida sai ga takarda, wai ana bin sa kuɗin wata shidan. Ya koma ya yi musu, ya rubuta ƙorafi, suka ce za su duba. Daga nan bai ƙara jin komai ba, shi kuma ya ce shiru ma magana ce, ya manta da zancen.

Ana nan, bayan wasu shekaru, ran wata kasuwa, sai ga mutum biyu a kan babur sun tsaya a ƙofar gidansa, ɗaya riƙe da takarda mai hatimi.

"Baba, daga ofishin karɓar bashi muke," in ji mai takardar. "Kamfanin waya na bin ka dubu ɗari da tamanin, har da kuɗin ruwa."

"Ni? 'Ya'yana, ai na rufe layin nan tuntuni."

"To, ina shaidar rufewa?"

Ba shi da ita. Ya ɗaga ido ya ga maƙwabta sun fara leƙe ta kan danga, kunya ta kama shi kamar ya nutse. Da sauri ya ja baƙin zuwa zaure, ya sa aka kawo musu kunu, ya kama zakara ya ba su, ya haɗa da dubu biyar, ya ce su sa mai. Bai nemi rasit ba. A wurinsa, mutumin da ya sha kununka ya kira ka Baba, ka ce ya rubuta maka shaida, ai ka kira shi ɓarawo ke nan a kan idonsa.

Baƙo raɓa ne, in ji mutane, amma waɗannan ba su san da haka ba. Duk bayan kasuwa biyu sai sun dawo, kuma ba su taɓa fita hannu rabbana ba. Kaji suka ƙare, awaki suka bi, buhun dawa uku suka bi awaki. In ya tambaya nawa ya rage, sai su ce, "Haba Baba, wancan ai na mai ne." Ranar da suka ambaci kotu, mutumin ya ja farin sansa zuwa wata kasuwa mai nisa, inda ba wanda ya san shi, ya sayar. Ya dawo da igiya a hannu, zuciyarsa na masa ciwo, domin san nan a hannunsa aka haife shi shekara biyar da suka wuce. Suka karɓi kuɗin suka ce saura dubu sittin.

Ya rame. A sujada ya bar kujerar dattawa ya koma baya. In aka ce ya yi addu'a sai ya nemi wani ya yi a madadinsa, domin yana ganin duk jama'a sun san shi mai cin bashi ne. Alhali kuwa bai faɗa wa kowa ba, ko fasto.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutanen suka ce ranar kasuwa mai zuwa ko cikon kuɗi ko 'yan sanda. Abin sayarwa ɗaya ya rage a gidan, baƙin sa, kuma in ya tafi babu noman bana. Sai matarsa Briskila ta same shi zaune a bakin turke.

"Baban Nuhu, shekara guda kana ciyar da 'yan aike. Ka taɓa zuwa wurin masu littafin?"

"Ke ba ki gane ba. In 'yan aike sun yi mini haka, me masu aiken za su yi? Ina shiga za su riƙe ni."

"Zuwa da kai ya fi aike," in ji ta. "In riƙe ka za su yi, su riƙe ka da sanka a turke. Ni zan ba shi harawa har ka dawo."

Kashegari ya shiga mota zuwa birni. A ofishin kamfanin ya tarar da wata ma'aikaciya, ya cire hula, ya faɗi sunansa, ya ba ta labarin masu babur, ya ce, "'Yata, na zo da kaina. Abin da za ku yi mini ku yi."

Ta daɗe tana duba na'ura, sa'an nan ta ɗago ta dube shi da tausayi.

"Baba, ba ma bin ka komai. An duba ƙorafinka, an ga kuskuren namu ne, an soke. Mun aika wasiƙa akwatin gidan waya na ƙungiyarku, aka dawo mana da ita. Mutanen nan da tsohuwar takarda suke yawo, mun daɗe da raba gari da su."

Ta buga masa shaida, ta sa hatimi. Ya dubi kwanan watan da aka soke bashin, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Shekara shida. An yafe masa tun kafin a haifi farin san da ya sayar. Dattijon nan ya zauna a kan benci ya yi kuka a gaban mutane, kukan murna da na baƙin ciki a haɗe.

Ranar kasuwa suka zo. Bai kai su zaure ba. A ƙofar gida ya tsaya, maƙwabta na kallo, ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi. Ba su jira ya kai ƙarshe ba suka tayar da babur. Daminar nan ya haɗa baƙin sansa da na wani maƙwabci, suka yi huɗa tare, yau gonar wannan gobe ta wancan.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Manomin ni ne, kai ne, ke ce. Bashin shi ne zunubi, sai dai akwai bambanci: shi bai ci nasa ba, mu kuwa mun ci namu, ba musu. Duk da haka Yesu Almasihu ya biya shi a kan gicciye, Uba ya soke shi daga littafi. Masu babur ɗin su ne Shaiɗan mai kai ƙara, wanda yake zuwa da tsohuwar takarda yana karanta maka laifin da ka riga ka tuba. Zakara da kuɗin mai su ne abubuwan da muke miƙa masa don ya yi shiru: barcinmu, farin cikinmu, hidimarmu a cikin ikilisiya. Ba ya ƙoshi, kuma ba ya rage ko kwabo. Kunya ce take ja mana shi zuwa zaure, tsoro kuma yake hana mu zuwa wurin Mai littafin, muna zaton ya fi mai ƙarar zafi.

Kuma in masu karɓar bashi na duniyar nan suka zo ƙofarka, kada ka ɓoye wa 'yan'uwa. Neman rasit ba zagi ba ne. Je ka inda littafin yake, in gaskiya ana bin ka ka biya, in ba a bin ka kada ka ba da ko ƙwai.

Na san a cikinmu akwai wanda ya riga ya sayar da farin sansa, ina kuwa jin tausayinsa ƙwarai, domin wannan ba zai dawo ba. Amma akwai saura ɗaya a turke. Ka tashi yau ka je wurin Ubangiji da kanka, ka tambaye shi nawa ya rage. Zai nuna maka ranar da aka soke bashin, za ka ga tun ba a haife ka ba ne.