Simintin da Ya Tayar da Iya Gambo

Furera, Hansai, ku ajiye awarar nan ku matso! Wallahi tun a aji labarin ke cina. Wannan ba tatsuniyar gizo ba ce, a gidanmu aka yi: kakata Iya Gambo ta miƙe! Jiya da ƙafarta ta taka har bakin rijiya!

Bari in faro muku daga tushe. Kun san ba faɗuwa ta yi ba. Sunkuyawa kawai ta yi za ta ɗauki buta, sai ji muka yi ta yi ƙara. Ashe tsufa ya zaizaye mata ƙashi, ciki duk ramuka kamar icen da gara ta ci, shi ne gaɓa ɗaya ta ƙashin bayanta ta murƙushe. Ko juyi ba ta iyawa, salla ma a kwance. Babban tsoronmu kada kwanciyar ta zama ke nan. To, 'ya'yanta uku ne, ku ji abin da kowa ya yi.

Na fari Babana. Kun san ɗori gadon gidanmu ne, kuma tun kakanni ba a taɓa kawo karaya ƙofarmu aka mayar da ita ba. Dangi suka cika ɗaki, kowa na cewa, "Malam Ilu, ja mata bayan nan ka ɗaure mana!" Baba ya shafa wurin a hankali, sannan ya ce, "Wannan ba na hannuna ba ne. In na ja, na gama da ƙafafunta." Har gori aka yi masa, wai mai ɗori ya ji tsoron ƙashin uwarsa. Ya ciro ƙyauren ɗakinsa, ya kwantar da ita a kai, ya ɗaure da rawaninsa don kada bayan ya motsa, aka kai ta asibiti a haka.

Ta biyu Gwaggo Ramma, wadda ke bincike a jami'a. Shekara da shekaru ita da abokan aikinta suna haɗa wani siminti na ƙashi, wanda ake ɗurawa da allura. Mahauta har sun saba da ita, kullum tana sayen ƙashin bayan shanu na gwaji, suna tsokanarta, "Hajiya, miyar nan taki ba ta son tsoka ne?" Wani haɗin ya yi zafi da yawa, wani ya daskare tun a cikin sirinji, wani ya tsinke kamar koko. Ba ta fasa ba, har suka dace da wanda ke shiga kamar kullu ya ƙame a ciki, aka gwada, aka yarda a yi wa mutane. Da Iya ta ji shi za a ɗura mata sai ta ce, "Siminti? Ramma, ni katangar gidan ubanki ce?" Gwaggo ta ce, "Ai ke ce ma ginshiƙin, Iya." Sai da Iya ta yi dariya, ciwo ya katse ta, sannan ta yarda.

Na uku Baffa Sagiru, autansu, likita. A asibitin shi kaɗai ya koyo wannan aikin. Likitoci ba sa son yi wa nasu aiki, amma jiran wani daga nesa zai ja lokaci, ƙashin kuma ƙara lotsawa yake. Ga allurar dab da lakar baya take wucewa, in simintin ya zurara can, shi ke nan. Ya yi alwala, ya shiga, yana kallon hoton ƙashin a na'ura yana turawa kaɗan-kaɗan. Nas ta ce ko gezau hannunsa bai yi ba. Sai da ya fito ne ya zauna daɓas a ƙasa.

To jiya bayan Iya ta yi la'asar a tsaye, sai ta zare munduwar azurfar da ta gada wurin uwarta, ta ce ta wanda ya tayar da ita ce. Guda ɗaya ce tal, ba ta rabuwa. Gida ya kaure! Wasu na cewa da Baba ya ja bayan, da babu abin da za a gyara. Wasu na cewa ba simintin Gwaggo, me za a ɗura? Wasu kuma na cewa siminti a kwalba bai taɓa tayar da kowa ba sai da hannun Baffa. Su ukun kuwa kowa na tura wa ɗan'uwansa, munduwa na nan kan tabarma.

Ni an ce in yi shiru, wai zan yi son kai tunda da ubana a ciki. To ku da ba ruwanku, ku faɗa mini kafin a kaɗa ƙararrawa: da wanda ya janye hannunsa, da wadda ta haɗa simintin, da wanda ya soka allurar, wa Iya za ta sa wa munduwar nan?