Ranar da Ciwon Barmo Ya Samu Suna

Ku matso ku ji, don in na gama ku za ku yi shari'ar.

A garinsu Barmo maginin rijiya, ciwon da ke kama mashayi da safe ba shi da suna. Kowa ya san shi, amma sai a ce wai zazzaɓi ne, a rufa wa juna asiri. Ran nan Barmo ya tashi kansa kamar ana sara da gatari, saboda burkutun da ya kwankwaɗa a wani biki. Kunya ta hana shi kwanciya. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga rijiya mai gaba ashirin. Yana isa ƙasa jiri ya kwashe shi, ya faɗi da fuska cikin taɓo.

Al'adar aikin, ba a jawo magini sai ya girgiza igiya, shi kuwa Barmo an san shi da daɗewa a ƙasa. Haka na sama suka zauna suna hira, mutum na mutuwa a ƙarƙashinsu.

Matarsa Gwamma ce, da ta ji ya shiga rijiya, ta iso da gudu, ba ko mayafi. A gaban surukinta da liman ta ce, "Ku jawo shi! Ba zazzaɓi ba ne, giya ya sha jiya!" Tun daga ranar yaran gari ke kiran abin ciwon Barmo, ita kuma ko gidan suna ba ta iya shiga, don ana ganin ta tona asirin mijinta.

Ƙanen Barmo, Dogara, ya sauka, don igiyar ta kwance daga jikin yayan nasa. Ya ɗaure shi, ya tura shi sama, shi ya tsaya jira cikin iskar da ba ta isa mutum biyu ba. An fito da Dogara da rai, amma har yau in ya yi taku goma sai ya zauna yana haki.

Jatau mai riƙon igiya ya ja su ɗaya bayan ɗaya, igiyar na cin tafinsa har ta kai ga jijiya. Bai saki ba. Yatsunsa sun ƙanƙame, yanzu 'yarsa ke ba shi tuwo a baki.

Barmo ya rayu, ya bar giya, kullum yana ganin ukun nan da abin da ya jawo musu. Ya rasa gaban wanda zai fara durƙusawa, abin na cinsa a rai.

To, ku faɗa masa: a cikin su ukun, wa ya fi yin hasara don ya rayu?