Ƙauyen Iniwan

An ce a wani tsibiri na ƙasar Filifin akwai ɗan ƙauye mai suna Iniwan, wato "wanda aka bari". Gidajensu na gora ne. In kogi ya matso, maza kan taru su ɗauki gida ɗungurungum a kafaɗa su kai shi tudu.

Wata damina kogi ya fara cin ƙasan gidan dagacinsu, Makisig. Ya aika a zo a ɗauka. Har rana ta take, ko mutum ɗaya! Ya tsaya baki sake, ya ce wa ɗan aiken, "Mugun sunan garin nan ne ya jawo. Gobe zan sauya shi da na kakana Dalmasiyo, wanda ya kafa shi."

Tsohuwar ɓaunar da yake noma da ita ta ɗago kai daga laka, ta ce, "Ranka ya daɗe, ka san asalin sunan kuwa?"

Dagaci ya zabura har ya kusa faɗuwa. "Kai! Magana kike? To, faɗi."

Ɓauna ta ce, "Daga kakata na ji. Dalmasiyo bai taɓa sa kafaɗa ƙarƙashin gidan kowa ba, kullum wai bayansa na ciwo. Rannan wata tsohuwa, Sinang, ta tare shi ta ce, 'Ɗana, saurari labarin bishiyar kwakwa. Ta tsaya ita kaɗai tana yi wa gora dariya, wai sun cunkushe kamar 'yan tsaki. Da guguwa ta zo, gora suka jingina da juna, ita kuwa ta nemi abin jingina ta rasa. Kai wa za ka jingina da shi?' Ya yi tsaki ya wuce.

"Da ruwa ya zo masa, mutane suka ɗauki gidansa, da shi a ciki, ya kishingiɗa abinsa yana cin mangwaro. Ɓawon ya faɗo kan wani. Suka dubi juna, suka dire gidan tsakiyar taɓo, suka tafi. Nan ya zauna dole, nan zuriyarsa ta yaɗu. Ba kafa garin ya yi ba, ranka ya daɗe, yasar da shi aka yi. Kai kuma, yaushe rabonka da ɗaukar gidan wani?"

Kunya ta rufe dagaci. Shekara tara rabonsa!

Ya ce, "Ina mutanen suke?"

"Suna ɗauke gidan Luningning, wadda mijinta ya rasu."

Ya dubi gidansa, ƙasa na zubewa ƙarƙashinsa. Ya tuɓe riga ya sheƙa da gudu, ya kutsa cikin maza ya sa kafaɗa. Da suka dire, suka juya suka bi shi bakin kogi. Kafin su isa ruwa ya tafi da ɗakin girki, sauran suka ɗauka.

A hanya, goran na cin kafaɗarsa, wani ya ce, "Dagaci, mun ji za ka sauya suna."

Ya ce, "A bar shi yadda yake. Na jikokina ne, su riƙa tambayar asalinsa."